Na Je Abuja Karɓo Muryar Luba

Tun ranar da na dawo daga Abuja ban huta da tambaya ba. A wurin turara shinkafa tambaya, a gidan suna tambaya, har mai kawo mana itace sai da ya jingine kurarsa ya ce, "Inna Kulu, wai da gaske ƙarfe na magana can?" Bakina ya gaji. Tunda Allah Ya sa na koyi rubutu, ko da yake sai da na aurar da 'ya'ya na fara riƙe fensir, to ga shi na rubuta. Wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ku bar ni in yi aikina.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, don haka bari in fara da dalili.

Bara waccan wasu ma'aikata suka zo nan Mafara. Suka ce gwamnati ta tara masana a Abuja suna binciken na'urorin nan masu amsa tambaya kamar mutum, waɗanda suke kira ƙirƙirarriyar basira, don a gano inda za su cuci jama'a tun kafin a sake su cikin wayoyinmu. Suna son muryoyin matan ƙasar nan, saboda Hausarmu ba ta Kano ba ce. Ni ce shugabar mata masu turara shinkafa a unguwarmu, ni na tara matan. Kuma har yau ban yi nadama ba. Abin da zai zo ko muna so ko ba ma so, gara a gwada shi da bakinmu.

Cikin waɗanda na jawo har da Luba, ƙawata. Daga Damaga aka kawo ta aure, shekarar da aka kawo ni, muka tsufa katanga ɗaya tsakaninmu. Da farko ta ƙi, na ce mata, "Ke da ba ki rufe baki tun safe, yau da anka zo neman magana za ki yi rowa?" Ta yi dariya ta zauna aka ɗauka.

Da damina Luba ta kwanta, ciwon 'yan kwanaki, Allah Ya karɓi abinSa.

Kun san yadda muke yi. In mace ta rasu, duk wadda ke riƙe da wani abu nata sai ta maido kafin a raba gado. Aka maido babbar tukunyarta daga maƙwabta, aka maido rariya, aka maido tabarmar shanya, ni ma na kai ludayin ƙarfen da ya daɗe a ɗakina har na manta ba nawa ba ne. Bayan sadakar arba'in mijinta, Malam Garba, ya aiko in zo. Na same shi a zaure tare da Hadiza, 'yar farin Luba, wadda ke aure a Bakura. Muka gaisa, muka sake gaisawa, sannan ya ce:

"Kulu, komi na Luba ya dawo gida. Saura abu guda, kuma ke kinka kai shi."

Na ce, "Wane abu, Malam?"

Hadiza ce ta amsa, kanta a ƙasa. Ta ce an nuna mata a waya wani mutum da ya daɗe da rasuwa, ga shi yana magana da muryarsa sak, yana tallar magani. Ta ce, "Gwaggo, in wata rana na buɗe waya na ji Inna na tallar maganin basir fa? Ko a kira Baba da muryarta?"

Yarinyar da na goya, ta faɗi haka ba ta dube ni ba. Malam ya ce shi ba zai bari a taɓa ko cokali a raba ba sai ajiyar matarsa ta dawo, ko a tabbatar masa an kawar da ita. Ban yi gardama ba, gaskiyarsu ce. Na ce, "Ni na kai, ni za ni karɓo." Na fito ban san ta inda zan fara ba.

Ana cikin haka sai ga gayyata. Cibiyar binciken na kiran shugabannin waɗanda suka ba da murya, su zo su ga abin da ake yi. Aka kira ni, aka kira Malama Rabi, wadda ta koya mini karatu a ajin manya. Na girme ta nesa, amma a aji ita ce babba, a waje ni ce. Maigidana ya ce hanya ba kyau. Na ce na sani, ni ma a garin nan nake kwana. Ya yi mini addu'a.

Muka shiga motar Gusau da safe, ni da Malama da ɗan buhun shinkafa da na ɗauka tsaraba, don ban taɓa shiga gidan mutane hannu biyu ba komai ba. A Gusau muka sake mota. Akwai wani mai babbar riga a gaba, tun daga tasha yake mana bayanin yadda za a gyara ƙasar nan da a ce shi aka ba. Muna wuce Tsafe sai direba ya kashe rediyo. Mai babbar riga ya haɗiye sauran gyaran ƙasar, ya ciro carbi. Ba wanda ya ce a yi shiru, kowa ya san nan 'yan bindiga ke tare hanya. Gonaki dama da hagu, wasu an noma, wasu ciyawa ta cinye. Malama ta kama hannuna, na bar mata shi.

Masu tambaya ko akwai ƙofa a iyakar Zamfara da Katsina, babu. Shinge ne na sojoji da buhunan yashi. Wani soja ya leƙo, ya karɓi katin shaidar kowa, ya dube ni ya ce da Hausarsa ta bariki, "Mama, ina zuwa?"

Na ce, "Abuja, karɓo ajiya."

Ya ce, "Babba ne?"

Na ce, "Ba ta da nauyi, amma ta hana gida guda barci."

Ya yi dariya ya ce mu wuce. Sai da muka shiga Funtuwa bakin kowa ya buɗe lokaci ɗaya, aka sayi rake, aka sayi ruwa, mai babbar riga ya ci gaba daga inda ya tsaya kamar ba abin da ya faru.

A Kaduna muka sauka gidan ƙanwar mahaifiyar Malama, mutanen kirki, washegari muka hau jirgin ƙasa. Wadda ke kusa da ni wata budurwa ce ta toshe kunnuwa da waya. Na gaishe ta, shiru. Na sake gaishe ta da ƙarfi har na kujerar baya suka amsa. Ta zare abin kunnen a firgice ta ce, "Lafiya, Mama?" Na ce, "Ita nike tambayarki tun ɗazu." Daga baya muka shirya, har ta nuna mini inda ake alwala.

Masaukin Abuja ba laifi, sai sanyi. Sun kunna esi, na'urar sanyaya ɗaki, kamar kifi za su ajiye. Na ce a kashe, Malama ta ce ai gata ne, na ce to ki ji gatanki ni a buɗe mini taga. Abinci kuwa, nan na ga abin kunya. Baƙo shi ke ɗaukar faranti ya bi layi yana ɗibar wa kansa, masu gida na tsaye sun harɗe hannu suna kallon yawan abin da ya ɗiba. A garinmu wanda ya yi wa baƙo haka sai an yi shekara ana ba da labarinsa. Shinkafarsu fara fat, doguwa, ba ƙamshi ba ɗanɗano, kana ci ka san ba ta taɓa shan ruwan madatsarmu ta Bakolori ba. Ga ɗanyen kabeji an shafe shi da wani farin abu mai zaƙi. Na ɗanɗana don kada a ce ban ɗanɗana ba. Sannan gaisuwa. Mutum zai jefo maka kalma biyu yana tafiya, kafin ka tambayi iyalinsa ya sha kwana.

A ƙofar cibiyar aka hana ni shiga da shinkafata. Mai gadin ɗan Argungu ne, da na ji bakinsa sai na ji kamar na ga ɗan'uwa. Ya ce, "Inna, doka ce, ba su karɓar kyauta daga kowa, don kada a ce an saye su." Na ce tsaraba ce ba toshiya ba. Ya ce ya sani, amma dokar ba ta san bambancin ba. Na ji haushi, daga baya kuma na ce to, masu ƙin mudun shinkafa don tsoron zargi, wataƙila a iya ba su amana. Matan da ke share wurin na raba wa, suka yi ta godiya.

Ranar farko aka tara mu a babban ɗaki, mutane daga ko'ina: ungozoma daga Borno, shugaban masunta daga kudu, malaman makaranta, manoma. Aikin da aka ba mu shi ne mu sa na'urorin su yi kuskure. Kowa ya tambaye su abin da mutanensa ke tambaya, da irin bakinsu. Ni na ce, na zuba maganin ƙwari a buhun shinkafa jiya, yau baƙi sun zo, in dafa? Na'ura ta farko ta ce kada in kuskura, ta tambayi wane magani ne. Ta biyu kuwa ta ce in wanke sau biyu in dafa, har da yi mini fatan a ci lafiya. Na ce, "Wagga kam za ta kashe gari." Sai na ga ma'aikatan suna murna, suna rubutawa. Malama ta ce ai abin da suke nema ke nan, a kama ta nan, a mayar wa masu ita su gyara, kafin ta faɗa wa wata a ƙauye. Wuri na farko ke nan da na ga ana farin ciki da kuskure, kuma na ga dalili.

Bayan azahar wani ma'aikaci Bayarabe mai fara'a ya tashi ya ce zai nuna mana abin da ya fi damunsu. Ya yi 'yar magana da Turanci a gaban na'ura. Can sai ga muryarsa ta fito daga bango, tana Hausa, Hausar da shi ko sannu bai iya ba, tana cewa a kawo masa tuwo da miyar kuka yunwa yake ji. Ɗaki ya kwashe da dariya, har da shi.

Ni ban yi dariya ba. Na miƙe, Malama na jan hijabina tana cewa, "Inna Kulu, ba yanzu ba." Na ce, "Yanzu ne. Ina kunka kai muryar Luba?"

Wata mata mai tabarau, Dakta Binta, wadda ke kula da ajiyar muryoyin, ta taso ta ce in biyo ta ofis. Na shiga da shirin faɗa. Ta ba ni kujera, ta gaishe ni gaisuwa ta sosai, ta tambayi hanya da mutanen gida. Da na gaya mata Luba ta rasu, sai ta ajiye alƙalami ta yi mini ta'aziyya tukuna. Rabin faɗan nan ya zube.

Na ce, "Ki gaya mini gaskiya, kun ba na'ura muryarta ta haɗiye?"

Ta ce, "A'a, Hajiya. Da mun ba ta, da ba zan yi miki ƙarya ba, ya zama kamar gishiri a miya, ba ya cirowa. Amma muryoyinku jarrabawa ce muke yi wa na'urorin da su, mu ga ko suna fahimtar ku. In muka bari suka riƙe su, jarrabawar ta lalace. A kulle suke, ba su taɓa fita daga ginin nan ba."

Na dubi Malama, wadda ke ɓoye mana tambayoyin jarrabawa a jakarta kamar zinari. Na gane. Numfashin da na riƙe tun daga zauren Malam Garba, nan na sauke shi.

Sai dai da sauran aiki. Dakta ta ce duk wanda ya ba da murya yana da ikon janyewa, wanda ya rasu kuma magadansa ke da wannan iko. Matsalar ita ce, don kare mu suka cire sunan kowa tun ranar da aka kawo muryoyin. Abin da ya rage kawai, mace ce, daga Mafara. Ita kanta ba ta san wacce ce Luba ba. Kuma ba za ta kunna mini hirar sauran mata ba, sirrinsu ne.

Na ce, "To in koma in ce wa mijinta mi?"

Ta yi tunani, sannan ta ce, "Akwai abu ɗaya. Ku mutanen Mafara ba wadda ta fara magana sai da ta gama gaishe da mai ɗaukar muryar. Yaranmu har kuka suke da tsawonta. Gaisuwa ba sirri a ciki. Zan kunna miki farkon kowace, ki saurara."

Washegari da hantsi aka zaunar da ni a wani ɗan ɗaki, aka rufe mini kunnuwa da abin sauraro. Jama'a, kwana nawa ina garin da ba mai tsayawa ya gaishe ka, sai ga unguwarmu kaf a cikin kunnena. "Ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya ruwa." Ga mai tari, ga mai sauri, ga wadda akuyarta ke kuka a baya. Duk na san su. Kuma ba zai yiwu a gaishe ni in yi shiru ba, sai na riƙa amsawa. "Lahiya lau. Ba gajiya. Da godiya." Malama ta ce har waje ana jina, Bayaraben nan ya leƙo ya ga ko waya nake.

Aka kunna ta gaba. "Ina kwananku, 'yan samari, kun taho lahiya? Ya kunka baro iyayenku?"

Na ce, "Lahiya lau, Luba, ya ƙafar taki?"

Sai da na rufe baki na ji abin da na faɗa. Na zare abin daga kunnena. Ba zan rubuta abin da ya biyo baya ba. Dakta ta fita ta ja ƙofa, Malama ta zauna kusa da ni har na gama.

Da na wanke fuska muka kira Malam Garba, aka buɗe wayar kowa na ji. Dakta ta ce abu biyu ne, ko a goge gaba ɗaya, ko a goge a nan a ba iyali kwafi. Ya ce, "Ni ban iya jinta. Ku tambayi ɗiyarta." Muka kira Hadiza a Bakura. Ni a raina ina so ta ce a kawo, don da na ji muryar nan sai na ji ba na son ta ɓace. Amma ba tawa ba ce.

Hadiza ta ce, "In anka sa mini a waya, waya na lalacewa a kai gyara, ana sacewa, yara na ɗauka su tura. Kwana kaɗan ta zaga gari. A goge. Amma Gwaggo, ki saurare ta duka tukuna, ki taho ki gaya mini abin da ta ce."

Na saurara tun daga farko har ƙarshe, na sake, don kada in zubar da ko kalma. Sannan aka kira wani ma'aikaci na biyu, don mutum ɗaya ba ya iya gogewa shi kaɗai, kuma wuri biyu suke ajiya. Aka goge a gabana da gaban Malama. Na ce a nemo ta in gani. Aka nema, babu. Na ce a sake. Babu.

Kafin mu rabu Dakta ta ce kada in je in ce wa mutane an gama da hatsari. Su nasu ɗakin suka iya kullewa, amma mugu na iya kwaikwayon muryar duk wanda ya samu a waya. Ta ce kowane gida su shirya wata tambaya da su kaɗai suka san amsarta, in an kira da muryar ɗan'uwa ana neman wani abu da gaggawa, a yi ta. Na ji daɗin da ba ta shafa mini mai a baki ba. Ku ma ga shi na isar muku.

Dawowa ba abin da ya faru, alhamdu lillahi, sai tayar da ta fashe kusa da Zariya, inda mutane suke da yawa. Ban ko shiga gidana ba na wuce zauren Malam Garba, Malama na shaida. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ba ta shiga cikin ƙarfen ba?" Na ce ba ta shiga ba. "Kuma kin gani da idonki?" Na ce mu biyu muka gani. Ya shafa fuska ya ce, "Allah Shi saka miki, Kulu. A kira masu rabo."

Ranar da ta biyo na hau mota zuwa Bakura. Hadiza ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna, wannan karon tana dubana. Na gaya mata yawanci maganar sana'a ce: yadda ake jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, yadda ake gane ta turaru in ɓawon ya fara tsagewa, da zagin masu shanya a kan titi. Hadiza ta yi murmushi ta ce, "Inna ke nan."

Na ce, "Da saura. Ana cikin ɗauka wayarta ta yi ƙara. Ke ce."

Kun dai san uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, balle ta yabe ta a gabanta. Duk tsawon rayuwar Hadiza, Luba ba ta taɓa yi ba. Na ce, "Ta ce wa yaran nan masu ɗaukar murya, ku dakata in ɗauka, waccan ta Bakura ce. Kullum sai ta kira ta ji ko na ci abinci. Allah Ya ba ni 'ya'ya, amma wagga ita ce uwata."

Hadiza ta ce, "Haka ta ce?"

Na ce, "Da bakinta."

Ta ce, "Gwaggo, sake faɗi."

Na ce, "Ni ban iya muryarta ba, sai dai da tawa."

Ta ce, "Da taki nike so."

Na sake faɗa mata.